Minti 45 da takardar shaida: yadda Google da Amazon ke tace masu neman aiki

Labarai uku da suka fito a shekarar 2025 sun rikita matasa masu koyon rubuta manhaja da burin shiga manyan kamfanonin fasaha. A watan Yuni shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce kamfanin zai tabbatar ana yin aƙalla zagaye ɗaya na intabiyu ido da ido, bayan shekarun da aka kwashe ana yin komai ta bidiyo. Ba a jima ba aka ji Meta, mamallakin Facebook da WhatsApp, yana gwada wani salo da zai bar mai neman aiki ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira a tsakiyar jarrabawa, abin da a Amazon zai iya jawo a soke mutum. Sai kuma a watan Satumba gwamnatin Amurka ta ɗora dala 100,000 a kan sabbin buƙatun bizar H-1B, wadda ita ce babbar ƙofar da injiniyoyin ƙasashen waje ke bi su shiga aiki a can.

Wani ya ce an rufe ƙofa, wani ya ce an sauƙaƙa. Kafin a gane abin da ya sauya, sai an fara sanin me ake nema da intabiyun tun farko. A waɗannan kamfanoni wanda ya zauna da kai ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Aikinsa ya tara shaida a rubuce, ya miƙa wa wasu su auna ta, wani lokaci ma mutanen da ba su taɓa ganin fuskarka ba. Duk sauran bayanin daga nan ya taso.

Hanyar da takardar neman aiki ke bi

Matakin farko shi ne CV. Ana shigar da ita ta shafin kamfanin, ta faɗa cikin wata manhaja mai tara takardun masu nema, daga nan jami'in ɗaukar ma'aikata ya duba. Tun a wajajen 2015 ma Google yana karɓar takardu fiye da miliyan biyu a shekara, don haka kallon da ake yi wa kowace takarda gajere ne ƙwarai. Abin da ke tsayar da ido shi ne aikin da aka auna. Layin da ya ce "na yi aiki a kan manhajar biyan kuɗi" ba ya gaya wa mai dubawa komai. Wanda ya ce "na rage lokacin buɗe shafi daga daƙiƙa shida zuwa biyu a manhajar da mutum 40,000 ke amfani da ita" ya ba shi abin riƙewa. Shafi ɗaya ya ishi wanda bai daɗe da fara aiki ba, kuma ba a sa hoto, shekarun haihuwa, addini ko jihar asali.

Akwai kuma hanyar gabatarwa, inda ma'aikacin kamfanin ke miƙa sunan wanda ya sani. A nan ake yawan samun rashin fahimta, domin mun saba da cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Iyakar abin da gabatarwa ke yi shi ne ta sa a buɗe takardarka da wuri. Ba ta ɗauke maka jarrabawa ko ɗaya, kuma wanda ya gabatar da kai ba ya cikin masu yi maka tambayoyi.

Bayan haka sai gwajin intanet. A Amazon, ga injiniyan manhaja, yawanci tambayoyi biyu ne na rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, a cikin ƙayyadadden lokaci, tare da wani sashe da ke kwaikwayon ranar aiki, a ga wane saƙo za ka fara amsawa, wace matsala za ka fara kamawa. Kwamfuta ce ke maka gwajin kod ɗin, tana jefa masa bayanai iri-iri, ciki har da waɗanda ba a nuna maka ba. Wanda ya tsallake sai a kira shi tantancewar farko ta bidiyo da injiniya ɗaya, minti 45 zuwa sa'a guda. Daga nan sai babban zagaye: zama huɗu zuwa biyar, kowanne da mutum daban, a yini ɗaya ko a raba kwana biyu. Daga miƙa takarda zuwa samun tayi, wata ɗaya zuwa uku ba baƙon abu ba ne.

Abin da ke faruwa a cikin minti 45

A nan ne mafi yawan masu nema ke faɗuwa, kuma sau da yawa ba rashin ilimi ke kayar da su ba. A ɗauki tambaya mai sauƙi irin wadda ake buɗe fage da ita. An ba ka jerin lambobi, 4, 13, 6, 20, 9, an ce ka nemo biyu da idan aka haɗa su za su ba da 15.

Hanyar da ke fara zuwa wa kowa ita ce a ɗauki kowace lamba a gwada ta da sauran ɗaya bayan ɗaya. Tana aiki. Amma idan lambobin sun kai miliyan ɗaya, gwajin zai kusa biliyan 500. Hanya ta biyu ita ce ka bi jerin sau ɗaya tak, kana ajiye abin da ka gani a wani teburi da ake dubawa nan take. Ka ga 4, abokiyarta 11 ce, babu ita a teburin, ka ajiye 4. Ka ga 13, kana neman 2, babu. Ka ga 6, kana neman 9, babu tukuna. Ka wuce 20. Da ka iso kan 9 kana neman 6, ga ta a ajiye. Lambobi miliyan ɗaya, taki miliyan ɗaya. An sayi sauri da wurin ajiya, kuma wannan cinikin ne ake so a ji ka faɗa da bakinka.

Rabon lokacin da ya fi tafiya daidai shi ne kamar haka. Minti biyar na farko gaisuwa da gabatar da kai. Minti biyar na gaba tambayoyi ne daga gare ka: lambobin za su iya maimaituwa? Akwai na ƙasa da sifili? An jera su daga ƙarami zuwa babba? Idan babu amsa me zan mayar? Da gangan ake barin waɗannan giɓɓa a cikin tambayar, don a ga ko za ka lura. Sai minti biyar zuwa goma na bayyana dabara kafin ka taɓa madannai, ka fara da hanya mai sauƙi, ka faɗi aibinta, ka kawo wadda ta fi. Rubutun kansa minti 15 zuwa 20 ne. Sauran lokacin na gwaji ne, ka bi kod ɗinka layi-layi da misali, ka gwada jerin da babu komai a ciki da mai lamba ɗaya rak. Google ya daɗe yana sa a yi wannan rubutu a wurin da babu maɓallin gwada kod, wato kai ne kwamfutar.

Mai tambayar, yayin da kake magana, rubutu yake yi. Yana rubuta tambayoyin da ka yi, lokacin da ka gano dabarar, ko sai da ya ba ka haske, da yadda ka karɓi gyara. Hausawa na cewa shiru ma magana ce, amma a wannan ɗaki shiru ba ya hawa takarda. Wanda ya yi tsit minti goma sannan ya zubo amsa daidai ya bar mai tambaya da abu kaɗan na rubutawa, a zamanin nan ma har ya jawo wa kansa zargi. Wanda ya yi tunaninsa a fili, ya yi kuskure, ya gano shi da kansa, ya gyara, ya cika shafi da shaidar da ake nema.

Kurakuran da aka fi gani guda huɗu ne: faɗawa rubutu kafin a fahimci tambaya, haddace amsa ta yadda da an ɗan karkata tambayar sai mutum ya ɓace, ƙin karɓar hasken da mai tambaya ya bayar, da cewa "na gama" ba tare da gwaji ba. Na biyun ya fi yaɗuwa tun da shafuka irin su LeetCode suka tara dubban tambayoyi. Amfanin irin waɗannan shafuka shi ne mutum ya gane iyalan tambayoyin, waɗanda ba su da yawa: jeri da teburin dubawa, bishiya (bayanan da aka tsara reshe-reshe), mahaɗar hanyoyi (wurare da hanyoyin da ke haɗa su), bincike ta hanyar raba jeri biyu, da warware babbar matsala ta hanyar ajiye amsoshin ƙananan. Wanda ya fahimci tambayoyi 150 ya fi wanda ya haddace 600.

Ga wanda ya yi 'yan shekaru yana aiki, akwai ƙarin zama na tsara babban tsari. A ce maka tsara manhajar aika saƙo. A nan lissafi ake so kafin zane. Mutum miliyan 10, kowa saƙo 20 a rana, saƙo miliyan 200 ke nan. A raba da daƙiƙa 86,400 da ke cikin yini, kusan saƙo 2,300 a kowace daƙiƙa, a ninka don lokacin cunkoso irin na ranar Sallah. Daga wannan adadi ne za ka ce rumbun bayanai ɗaya zai ɗauka ko sai an raba, me zai faru idan wata na'ura ta mutu, me za a yi da saƙon wanda wayarsa ke kashe. Wannan zama ne ya fi tasiri a kan matsayin da za a ba mutum.

"Mun yi" da "na yi"

Sashen tambayoyin hali ya fi nauyi a Amazon. Kamfanin yana da ƙa'idojin shugabanci 16, waɗanda 14 ne kafin a ƙara biyu a 2021. Daga ciki akwai fifita abokin ciniki, ɗaukar aiki kamar naka, zurfafa bincike, da faɗin saɓaninka sannan ka mara baya idan an yanke shawara. Ana raba wa kowane mai tambaya ƙa'ida biyu ko uku, ya zo yana neman hujjarsu a cikin tarihin aikinka. Tambayoyin kan fara da "ba ni labarin wani lokaci da": da ka saɓa wa shugabanka, da ka kasa cika alkawari, da ka yanke shawara ba tare da cikakken bayani ba.

Kamfanin da kansa yana ba da shawarar a amsa da tsarin da ake kira STAR, wato gaɓa huɗu: halin da ake ciki, nauyin da ke wuyanka, matakin da ka ɗauka, da sakamako. Gaɓa ta uku ce ya kamata ta cinye fiye da rabin amsar. Bayan ka gama sai a fara tono: me ya sa ka zaɓi wannan hanya, wa ya ƙi yarda, nawa aka yi asara, me za ka sauya yau. Labarin da aka ƙirƙira ba ya jure tono na uku. Masu shiri na ƙwarai kan tanadi labarai takwas zuwa goma na gaskiya, da alƙalumansu, ta yadda ba za su maimaita ɗaya ga masu tambaya biyu ba, domin daga baya za a haɗa rubuce-rubucen wuri guda a karanta.

A nan akwai abin da ya shafi tarbiyyarmu kai tsaye. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma mai kunya kan ce "mun yi" ko da shi kaɗai ya kwana yana aikin. Mai tambaya ba zai iya rubuta "mun yi" a matsayin shaida a kanka ba, tunda ba tawagarku zai ɗauka ba. Zai tambaye ka sau ɗaya ko biyu, kai me ka yi, idan bai samu ba ya rubuta cewa rawar da ka taka ba ta fito ba. Mafita ba ta buƙatar fariya. Ka ce tawagar ta mutum biyar ce, wance ta tsara fuskar manhajar, ni na rubuta sashen biyan kuɗi, ni na gano inda kuɗin ke maƙalewa. Ka ba kowa haƙƙinsa, har da kanka. Haka nan girmama na gaba bai kamata ya hana ka cewa "ina ganin wannan hanyar za ta ba da matsala, ga dalili" ba. Wani lokaci da gangan mai tambaya ke kawo shawara mai rauni.

Google yana auna abubuwa huɗu: kaifin tunani wajen warware sabuwar matsala, ilimin aikin da ake nema, shugabanci ko da babu muƙami, da abin da suke kira Googleyness, wato iya aiki da mutane, sauƙin kai wajen karɓar ra'ayin wani, da iya motsi inda hanya ba ta fito sarai ba.

Wa ke yanke hukunci

Bayan zagayen, kowane mai tambaya zai rubuta rahotonsa da makinsa shi kaɗai kafin ya ga na sauran, don kada babba ya ja ra'ayin ƙarami. Daga nan kamfanonin biyu suka rabu.

A Google rahotannin, da CV, da bayanin wanda ya gabatar da kai, ana haɗa su a miƙa wa kwamitin ɗaukar ma'aikata, wanda mambobinsa ba su zauna da kai ba. Su ne za su ce a ɗauka, a bari, ko a ƙara zama ɗaya. Manajan da ke buƙatar ma'aikaci ba shi da ikon ɗaukar mutum shi kaɗai. Kuma ko kwamiti ya amince, tsugune ba ta ƙare ba, domin sai an sami tawagar da ke da gurbi kuma take son ka. Wannan mataki na iya ɗaukar makonni ko watanni, kuma akwai waɗanda suka ci jarrabawa amma gurbi bai samu ba.

Amazon ya bi wata hanya tun 1999 da tsarin Bar Raiser, wato mai ɗaga ma'auni. Ma'aikaci ne da aka horar, daga wani sashe daban, wanda ba ruwansa da gaggawar cike gurbin. Yana cikin masu yi maka tambaya, shi ke jagorantar zaman tattaunawa bayan an gama, kuma ba a ɗaukar mutum idan bai yarda ba. Ma'aunin da yake riƙe da shi shi ne sabon ma'aikaci ya fi rabin waɗanda ke kan wannan matsayi a yanzu.

Tsarin biyu manufarsu ɗaya: a cire hukunci daga hannun mutumin da ya matsu. Kuma dukansu sun ginu a kan lissafin da Bahaushe zai ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. A wurin kamfani, ɗaukar wanda bai dace ba ya fi tsada a kan sakin wanda ya dace, tunda gobe wasu dubbai za su nema. Shi ya sa rahoto ɗaya mai rauni kan iya rinjayar uku masu kyau, kuma shi ya sa ƙwararru da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke shiga. Galibi akan ce mutum ya jira wata shida zuwa shekara kafin ya sake gwadawa, kuma ba a cika gaya masa dalilin faɗuwarsa ba.

Inda salon ya samo asali

A shekarun 1990 Microsoft ya yi suna da tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, irin su me ya sa murfin ramin kwata yake zagayayye. Google ya gaji salon, har zuwa 2013 lokacin da shugaban sashen ma'aikatansa na wancan lokaci, Laszlo Bock, ya shaida wa jaridar New York Times cewa binciken da suka yi ya nuna irin waɗannan tambayoyi ɓata lokaci ne, ba sa nuna wanda zai iya aiki. Ya ce makin jami'a ma ba ya nuna komai sosai idan mutum ya yi 'yan shekaru da gamawa. Binciken cikin gida ya kuma nuna zama huɗu sun isa a hango hukuncin da tabbacin kashi 86 cikin ɗari, abin da ya kawo ƙarshen zamanin da ake jan mutum zama fiye da goma.

Abin da ya maye gurbi shi ne tsararren intabiyu: tambayoyi iri ɗaya ga masu neman gurbi ɗaya, da ma'aunin maki da aka rubuta tun kafin a ga kowa. Babban nazarin Frank Schmidt da John Hunter na 1998, wanda ya tattara binciken shekaru 85, ya nuna wannan salo ya fi hirar kara-zube hango ƙwazon ma'aikaci. Nazarin da Paul Sackett da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya sa shi a sahun farko.

Masu kare tsarin da masu sukarsa

Masu kare tsarin suna da hujja mai ƙarfi. Tambayar kod ba ta san sunan jami'arka ko na mahaifinka ba. An san abin da za a tambaya, kayan shiri suna intanet kyauta ko da araha, kuma wanda ya yi karatu a Zariya ko Yamai zai fuskanci ma'auni ɗaya da wanda ya fito daga Jami'ar Stanford ta Amurka. Sun kuma ce kamfanin da ke hidima wa mutane biliyoyi yana buƙatar injiniyan da ya san bambancin taki miliyan ɗaya da biliyan 500.

Masu suka kuma suna cewa abin da ake aunawa ya yi nisa da aikin yau da kullum, wanda yawancinsa karanta kod ɗin wasu ne, da gyara, da tattaunawa. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiri Homebrew, manhajar da injiniyoyi da yawa ke amfani da ita, ya bayyana cewa Google bai ɗauke shi ba bayan ya kasa juya wata bishiyar bayanai a kan allo, maganar da har yau ake kafa hujja da ita. A 2020 masu bincike daga Jami'ar Jihar North Carolina da Microsoft suka gwada ɗalibai 48, wasu suka warware tambaya su kaɗai a ɗaki, wasu a gaban mai kallo. Ƙwazon waɗanda ake kallo ya faɗi da fiye da rabi. Adadin ɗaliban kaɗan ne, amma sakamakon ya ƙarfafa masu cewa ana auna jure fargaba ne tare da ilimi. Akwai kuma batun lokaci: shirin wata uku, sa'a biyu kullum, ya fi sauƙi ga saurayi marar nauyi a kan uwa mai yara ko magidanci mai aiki biyu.

Miƙa tantancewa ga na'ura ma bai zama magani ba. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya watsar da wata manhajar tace CV da ya gina, bayan an gano tana rage wa takardun mata maki, saboda ta yi koyi da takardun shekaru goma da mafi yawansu na maza ne. Idan aka auna ɓangarorin biyu, hujjar tsararren intabiyu ta tsaya da ƙafarta, amma hujjar cewa lallai sai da tambayar algoridim, wato dabarar warware matsala taki-taki, a gaban mai kallo ba ta kai ta ƙarfi ba.

Satar amsa da sojan gona

Annobar korona ta mayar da intabiyu kan bidiyo a 2020, sannan ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 yana warware irin waɗannan tambayoyi cikin daƙiƙoƙi. A farkon 2025 wani ɗalibin Jami'ar Columbia ya gina manhajar da ke ɓoye a fuskar kwamfuta tana ba da amsa ba tare da mai tambaya ya gani ba, ya ɗauki bidiyon yadda ya yi amfani da ita a intabiyun Amazon ya wallafa, jami'ar ta dakatar da shi. Ga kuma matsalar sojan gona. A Yulin 2024 kamfanin tsaron intanet na KnowBe4 ya bayyana cewa ya ɗauki wani ma'aikacin Koriya ta Arewa da ya yi amfani da bayanan wani Ba'amurke da hoton da aka gyara, bayan ya yi nasara a zaman intabiyu huɗu ta bidiyo.

Martanin ya kasu biyu. Google ya ce gani ya kori ji, a dawo ɗaki ɗaya. Amazon ya hana amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira a intabiyu sai da izini. Meta kuma, da kamfanin manhajar zane na Canva da ke Ostireliya, suka ce tunda injiniya zai yi aiki da ƙirƙirarriyar basira bayan an ɗauke shi, gara a gwada shi da ita a hannu, a ba shi aiki mafi girma, a ga ko zai gane inda ta yi kuskure. Bambancin bai kai yadda ake zato ba. Duka ɓangarorin sun rage darajar amsa tsurarta, sun ƙara wa bayani daraja: me ya sa ka yi haka, me zai faru idan aka sauya wannan sharaɗi. Abin da ya wajaba ga mai nema shi ne ya tambayi jami'in ɗaukar ma'aikata a rubuce me aka halatta a kowane zama, domin dokar wani kamfani laifi ce a wani.

Tayi, biza, da mai nema daga nan

Tayin aiki yana zuwa da matsayi, kuma matsayin ne ke yanke kuɗi. Matsayin sabon injiniya a Google ana kiransa L3, a Amazon L4. Mutum na iya neman wani matsayi a ba shi na ƙasa da shi idan zaman tsara tsari ko labaran hali ba su nuna girman nauyin da ya taɓa ɗauka ba. Kuɗin kashi uku ne: albashi, kuɗin sa hannu da ake ba wanda ya karɓi tayi, da hannun jari da ake sakar wa mutum a hankali. Amazon ya daɗe da rabon kashi 5, 15, 40, 40 cikin shekara huɗu. Idan an ce an ba ka hannun jarin dala 100,000, a shekarar farko 5,000 kawai za ka mallaka, ta biyu 15,000, shi ya sa ake cike giɓin da kuɗin sa hannu a shekaru biyun farko. Wanda ya bar aiki bayan wata 24 ya tafi ya bar kashi 80.

Kasuwar ma ta tsuke. Meta ya sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022 da wasu 10,000 a Maris ɗin 2023, Google 12,000 da Microsoft 10,000 a Janairun 2023, Amazon kuma 27,000 a tsakanin lokacin. Waɗanda aka sallama sun dawo layi ɗaya da sabbin masu nema, kuma guraben masu fara aiki ne suka fi jin jiki.

Bizar H-1B tun da can ƙuri'a ce: gurbi 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri daga jami'o'in Amurka. Kuɗin dala 100,000 da aka sanar a Satumban 2025 kamfani ne ke biya, ba ma'aikaci ba, kuma ya fi shafar wanda ake nema wa bizar yana wajen Amurka. Ƙungiyar 'yan kasuwar ƙasar ta garzaya kotu a kansa a watan Oktoba na shekarar. Ga sabon injiniya da ke Kano, Maraɗi ko Kumasi, ma'anar ita ce ɗauka kai tsaye zuwa Amurka ta ƙara wuya, kuma ofisoshin Dublin, Landan, Zurich da Kanada sun fi zama hanya. A Afirka, Amazon yana da cibiyar injiniyoyi a Cape Town tun 2004, Google ya buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a Accra a 2019, Microsoft kuma ya buɗe cibiyoyi a Nairobi da Legas a 2019, ya rufe ta Legas a 2024. Komawa intabiyun ido da ido na iya ƙara wani shinge, domin ko kamfani ya biya jirgi da masauki, samun bizar ziyara a kan lokaci wani aiki ne daban. Yana da kyau a tayar da wannan magana tun a kiran farko.

Zaman bidiyo kuma yana da nasa shirin. Babban zagaye kan ci sa'a huɗu zuwa biyar, don haka a tanadi wutar da za ta riƙe kwamfuta tsawon lokacin, da layukan data biyu na kamfanoni daban, a gwada manhajar bidiyon da wurin rubuta kod kwana ɗaya kafin ranar. A lissafa bambancin agogo da kyau: ƙarfe tara na safe a California ƙarfe biyar na yamma ne a Kano lokacin bazararsu, ƙarfe shida lokacin sanyinsu. Neman a matsar da zama saboda sallar Juma'a ko shan ruwa abu ne da aka saba, ba ya rage maki. Idan layi ya yanke, a aika wa jami'in saƙo nan take, yawanci a sake sa lokaci.

'Yan damfara ma sun shigo fagen da sunan waɗannan kamfanoni. Google da Amazon ba sa karɓar kuɗin fom, na horo, na kayan aiki ko na biza daga mai nema, ba sa kuma ba da aikin injiniya ta hirar WhatsApp ko Telegram. Saƙon gaske yana zuwa ne daga adireshin kamfanin kansa, kuma gurbin da ake magana a kai za a same shi a shafin guraben aikinsa.